Ingilishi ya zama harshen aiki: ta wace ƙofa ƴaƴanmu za su shige shi?



A watan Maris na 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma su ne harsunan aiki. A cikin watan ne kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci. An yi murna, an yi gardama a fada da majalisun shayi, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Yanzu da ƙura ta lafa, saura tambayar da ta shafi ɗan kolej na Tasawa da ɗan kasuwar Konni: wannan Ingilishin da aka ɗaga darajarsa, yaya za a koye shi har a gane ma'anar kalmominsa, a kuma furta su yadda mai sauraro zai fahimta? Ra'ayinmu shi ne a koyar da shi daga Hausa kai tsaye, a fara da kunne kafin bik da kaye, Faransanci kuma ya tsaya a matsayin mataimaki.

Kowa ya san yadda abin yake a yau. Yaro yana shiga lakkol da Hausa a bakinsa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Buzanci. Ya yi shekara shida yana kokawa da Faransanci. Ranar da ya shiga ajin farko na kolej sai a kawo mashi Ingilishi, a riƙa fassara mashi shi da wannan Faransancin da bai gama zama a kansa ba. Kowace kalma sai ta yi zango biyu kafin ta iso gida. Kamar mutum ne zai tashi daga Maraɗi zuwa Katsina, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, a ce sai ya bi ta Yamai tukuna. Shi ya sa za ka ga matashi ya yi shekara bakwai yana Ingilishi, ya samu bak, amma in aka tsayar da shi a shingen Jibiya aka yi mashi tambaya biyu sai ya koma Hausa, ko ya yi tsuru-tsuru.

Kada wani ya ɗauka maganar ƴan boko ce kawai. Iyakarmu da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1500. Daga Konni ana shiga Illela, daga Ɗan Isa ana shiga Jibiya, mutanen Matamaye da Magarya kuwa Daura da Kano ne kasuwarsu. Ga layin dogon da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi. Magungunan da ke shigowa daga Najeriya da Indiya, maganin feshi na gona, takardar bayanin famfon ban ruwa da ta farantin hasken rana, saƙon da dillali ke turowa daga Dubai ko Sin, galibinsu da Ingilishi suke zuwa. Ɗalibanmu suna neman gurbin karatu a Ghana, Najeriya, Indiya, Malesiya da Turkiyya. A duk waɗannan wurare, kalma ɗaya da aka yi wa gurguwar fahimta tana iya cin kuɗi, wani lokacin ma ta taɓa lafiya.

Bari mu fara da ma'ana, don nan ne tarko ya fi ɓoyewa. Ingilishi da Faransanci sun yi tarayya a dubban kalmomi, kuma akwai dalili. A 1066 wani sarki mai suna Wiliyam ya ƙetaro teku daga Normandi, a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Shekaru aru-aru bayan nan Faransanci ne harshen fada da kotu a can. Masana harshe suna ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na kalmomin Ingilishi ta wannan hanyar suka shigo. Har yau ana ganin sawun abin: saniya a garke "cow" ce, kalmar talakan Ingila mai kiwo, amma namanta a faranti "beef" ne, kalmar masu mulki da ke ci. Tunkiya "sheep", namanta "mutton". Wannan gata ne ga ɗan Nijar da ya yi lakkol, don yana ganin "village", "justice", "information", "nation" zai gane su ba tare da ƙamus ba.

Sai dai Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Cikin waɗannan kalmomin akwai masu fuska ɗaya, ciki daban. "Library" ɗakin karatu ne inda ake aron littafi, alhali "librairie" kantin sayar da littattafai ne. "Actually" na nufin "a gaskiya", ba shi da alaƙa da "actuellement" mai nufin "yanzu". "Attend" halartar taro ne, "attendre" jira ne. "Eventually" na nufin a ƙarshe abin zai faru, "éventuellement" kuwa mai yiwuwa ne kawai, kuma duk mai ƙulla ciniki ya san nisan da ke tsakanin alkawari da watakila. "Deception" yaudara ce a Ingilishi, a Faransanci kuma ɓacin rai ne na wanda ya sa rai bai samu ba. Wadda ta fi yi wa masu neman aiki da tallafin karatu illa ita ce "demand". A Faransanci "demander" roƙo ne cikin ladabi. A Ingilishi kuwa wanda ya rubuta "I demand" cewa ya yi dole a ba shi, kamar mai bin bashi. Takardar da aka rubuta da kyakkyawar niyya sai ta isa hannun mai karantawa da kamannin rashin kunya, shi kuma mai takardar yana nan yana jiran amsa, bai san abin da ya faru ba.

Lissafi ma bai tsira ba. Abin da muke kira miliyar, shi ne "billion" a Ingilishi, wanda maƙwabtanmu ke cewa biliyan. Amma "billion" na Faransanci miliyar dubu ne. Mai fassara labarin kasafin kuɗi in bai lura ba sai ya ninka kuɗin sau dubu. Haka waƙafi da ɗigo: in ɗan Ingilishi ya rubuta 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar yake nufi, mu kuwa a lakkol an koya mana cewa wannan ɗaya da rabi ne. Amurkawa kuma wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu. Wanda aka ba ranar ganawa ta intanet ko ranar rufe karɓar takardu, wannan ɗan bambancin ya isa ya sa shi asarar shekara guda.

Inda abin ya fi ba mu tsoro shi ne kwalbar magani. "Teaspoon" cokalin shayi ne, mililita 5. "Tablespoon" babban cokali ne, mililita 15. Kalmomin biyu sun yi kama a ido, amma wadda ta ɗauki na biyu a madadin na farko ta ba jaririnta ninki uku na abin da aka ce. "Twice daily" sau biyu ne a rana, "every other day" kuwa a sha yau, a tsallake gobe. "For external use only" na nufin na shafawa ne, ba a sha. Kwanan watan da ke gaban MFG ranar da aka yi maganin ne, wanda ke gaban EXP ranar da ya daina aiki. Ba muna cewa sanin waɗannan ya maye gurbin tambayar likita ko mai farmasi ba, matambayi ba ya ɓata. Amma a ƙauyen da ɗan kolej ne ake kira ya karanta takarda, ashe bai kamata waɗannan kalmomin su zo a darasinsa tun shekarar farko ba, da bayaninsu a Hausa ƙarara?

Hausa ma tana da nata tarkon, kuma wanda ya san Hausa ne kaɗai zai iya nuna wa ɗalibi shi. Mu muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan taba, muna shan wahala. Ingilishi ya raba su: "drink", "take", "smoke", "suffer". Muna jin magana, muna jin sanyi, muna jin ƙamshi, muna jin Larabci, su kuma suna da "hear", "feel", "smell", "understand". "Ara mini" da "na ara" duk aro ne a wurinmu, amma mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa "borrow". Littafin da aka rubuta a Paris ko Landan bai san da wannan ba, don ba a rubuta shi domin mai tunani da Hausa ba. Mushen da ya san harshen ɗalibansa zai hango inda za su yi tuntuɓe tun kafin su kai wurin. Darasin da ke cikin wannan shi ne kada a haddace kalma ita kaɗai kamar jerin kayan cefane. A haddace ta cikin jimla, tare da abokan tafiyarta.

Yanzu sai furuci. Babbar matsalar Ingilishi ita ce rubutunsa da lafazinsa sun daɗe da raba hanya. Harufa 26 ne, amma sautukan sun kai wajen 44. An kafa injin buga littattafai na farko a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa, alhali a daidai wannan zamanin lafazin wasulan yana ta sauyawa. Sakamakon ke nan muke gani: "though", "through", "tough", "cough", duk sun ƙare da harufa huɗu iri ɗaya, kuma babu biyu da ake furtawa daidai da juna. Ana rubuta "knife" a ce naif, "island" a ce ailan da ɗan "d" a ƙarshe, "debt" a ce det, "listen" a ce lisin. Wanda ya koyi harshen daga allo kaɗai, zai riƙa furta harufan da masu harshen suka binne tun ƙarnuka da suka wuce.

A nan ne muke so ku lura da wani abu. Kakanninmu da suka ari kalmomin Ingilishi a kasuwa da tasha da bariki, ba su taɓa ganin rubutunsu ba, amma sun kama lafazin daidai. Suka ce awa, babu "h" a farko, kuma haka masu harshen ke furta "hour". Suka ce rasit, babu "p", kuma haka ake furta "receipt". Suka ce tocila daga "torchlight", ba su wahalar da kansu da "gh" ba. Direban da bai taɓa zama a aji ba ya fi mai takardar bak kusa da gaskiya a waɗannan kalmomin, don shi da kunne ya ɗauka. Ai ko jariri sai ya shekara yana sauraro kafin ya ce baba. Ko a makarantar allo, malam ne ke biyawa, almajiri ya maimaita, har baki ya faɗa. Me ya sa Ingilishi kaɗai za a ce a fara da kwafar allo?

Kuma ɗan Nijar ba da hannu rabbana yake zuwa wa Ingilishi ba. Yana da jari uku, sai dai ba a nuna mashi yadda zai juya su.

Jarin farko Hausa ce. Muna da "c" da "j" da "sh", kowanne daban. Sautin farkon "cheap" da "chair" shi ne na ciki da cokali. Na farkon "judge" da "job" shi ne na jaki da jirgi. Faransanci ba shi da waɗannan biyun, shi ya sa wanda ya bi ta Faransanci yake karanta "ch" kamar "sh", sai "cheap" mai araha ya koma "sheep" tunkiya, "chair" kujera ta koma "share" rabo. Muna da "h" lafiyayye a hanya da hannu, Faransanci kuwa ba ya furta shi. Ɗalibin da ya ari wannan ɗabi'ar sai ya ce "angry" yana nufin "hungry", mai jin yunwa ya zama mai fushi, ko ya ce "eat" yana nufin "heat". Abin haushi ne a ce yaro yana da sauti a bakinsa tun daga nonon uwa, ya yar da shi a hanya saboda an biyo da shi ta wani harshe.

Haka nan kunnenmu ya saba da dogon wasali da gajere. Kowane Bahaushe ya san garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, ya san dafa abinci da dafa kafaɗa, ko da yake rubutunsu ɗaya ne. Wannan kunnen shi ake buƙata wajen raba "ship" da "sheep", "live" da "leave", "fill" da "feel", "full" da "fool". Gaskiya ne a Ingilishi ba tsawo kaɗai ne bambancin ba, yanayin baki ma yana ɗan sauyawa. Amma in mushe ya fara da misalin gari da gari, rabin aikin ya ƙare cikin minti biyar.

Jari na biyu karatun Alƙur'ani ne. Sautin "th" shi ne dodon masu koyon Ingilishi a duniya. Wasu su mai da shi "s", wasu "t", sai "think" tunani ya koma "sink" nutsewa, "three" uku ya koma "tree" icce. To amma duk wanda ya yi tajwidi a Islamiyya an koya mashi fito da kan harshe tsakanin haƙora wajen furta ث da ذ. Na farkon shi ne sautin "think" da "three", na biyun shi ne na "this" da "mother". Haka ف na Larabci, da ake ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa, shi ne "f" na Ingilishi. Yarinyar da ke zuwa Islamiyya da marece ta riga ta mallaki abin da ɗalibin Paris ke shan wuya a kansa, saura a gaya mata kawai.

Jari na uku shi ne Faransancin kansa, kuma a nan yana da rana. Hausa ba ta raba "p" da "f". Shi ya sa muka ce fasinja, fenti, famfo, fasfo, fursuna. A Maraɗi da Tawa ma da yawa hwari da hwata suke cewa inda Bakano ke cewa fari da fata. Ba mu da "v" kuma, sai muka ce direba, talabijin. A Hausa wannan daidai ne, kalmomin sun zama namu, babu mai taɓa su. A Ingilishi kuwa "pull" ja ne, "full" cikakke. "Copy" kwafi, "coffee" gahawa. "Pan" kasko, "fan" fanka. "Vest" riga, "best" mafi kyau. "Van" mota, "ban" haramci. Wanda ya iya raba "pain" da "faim" da "vin" da "bain" a Faransanci ya riga ya haye wannan kogin. Wanda bai yi lakkol ba kuma, ga dabara mai sauƙi: ya riƙe ƴar takarda a gaban bakinsa. In zai ce "p" ya rufe leɓɓa ruf, ya sake su da ƙarfi har takardar ta motsa. In zai ce "f" haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, iska ta fita a hankali.

Akwai abu guda da babu ɗaya cikin jarin nan uku da ya ba mu, shi ne nauyin gaɓa. Faransanci yana jingina nauyi a ƙarshe, Hausa tana aiki da hawa da saukar murya, Ingilishi kuwa kowace kalma da gaɓar da ake dannawa, sauran a sassauta su. A nan ne kuɗi ke salwanta. "Fifteen" sha biyar ne, in an faɗe shi shi kaɗai nauyin yana ƙarshe, ana jan "tiin". "Fifty" hamsin ne, nauyin yana farko, ƙarshen gajere. Haka "thirteen" da "thirty", har zuwa "nineteen" da "ninety". Mai sayen kaya ta waya da ya ji dubu sha biyar alhali dubu hamsin aka ce, shi ya san zafin abin. Shawararmu ga ƴan kasuwa: in lamba ce, a maimaita ta ɗaya-ɗaya, a ce "one five" ko "five zero", sannan a sa a rubuto ta a saƙo.

Sunayen harufa ma suna rikita ɗan lakkol, musamman wajen faɗin suna ko lambar fasfo ta waya. Harafin E a Ingilishi "i" ake kiransa, I kuma "ai", A kuma "ei". G da J kuwa kamar musanya suka yi: abin da Faransanci ke kira "ji" shi ne J, a Ingilishi kuwa "ji" G ne, J kuma "jei". Harafi ɗaya in ya kauce a tikitin jirgi ko takardar turo kuɗi, sai an yi ta sintiri kafin a gyara. Darasin awa ɗaya ne, amma mutane nawa aka taɓa zaunar da su aka yi masu shi?

Mun san akwai masu cewa wannan duk sauya ubangida ne, an kori Faransanci ta ƙofa an shigo da Ingilishi ta taga. Damuwarsu tana da tushe, don shi ma Ingilishi da bakin bindiga ya shigo Kano da Sakkwato a 1903. Amsarmu ita ce abin da ke mai da harshe ubangida shi ne a ce sai ta hanyarsa kaɗai ake samun ilimi, har yaro ya ji kunyar harshen uwarsa. In Hausa ce ke riƙe da alli tana bayani, Ingilishi ya zama kayan aiki kamar salula ko babur. Kuma wannan tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar nan: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda yara ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Abin da muke nema shi ne a yi wa Ingilishi irin wannan.

Wasu kuma za su ce ai ba kowa ne Bahaushe ba. Haka ne, kuma kundin da kansa ya ambaci wasu harsuna na ƴan ƙasa. Abin da muka faɗa game da Hausa ya hau kan kowannensu. Yaron Tilaberi a yi mashi bayani da Zabarmanci, na Diffa da Barbarci, na Agadas da Buzanci ko Hausa, gwargwadon abin da ajin ya fi ji. A garuruwan da aka cakuɗa, mushe ya san harshen da yaransa ke wasa da shi a fili. Da Hausa muka yi misali don ita muka sani, kuma ita ke da kayan aiki a ƙasa tuni.

Kayan aikin kuwa ba kaɗan ba ne. Tun 1934 Bargery ya fitar da babban ƙamusun Hausa zuwa Ingilishi. Na Abraham ya biyo baya a 1949. Roxana Ma Newman ta fitar da na Ingilishi zuwa Hausa a 1990, Paul Newman kuma ya fitar da nasa na Hausa zuwa Ingilishi a 2007. A nan gida Abdou Mijinguini ya yi ƙamusun Hausa zuwa Faransanci. Wato gadar da ke tsakanin Hausa da Ingilishi an gina ta shekara 90 da suka wuce, mu ne ba mu cika bi ta kanta ba. Sai dai waɗancan ƙamusoshin sun fi karkata ga Hausar Najeriya. Ɗanmu da ya san lakkol, mushe, duwan, kaso da buji, zai tarar da makaranta, malam, kwastan, kurkuku da kyandir. Ana buƙatar ƙaramin littafi na ɗan Nijar, harshe uku a jere, Ingilishi da Hausarmu da Faransanci, da lafazin kowace kalma a rubuce da harufan Hausa, da jan layi a ƙarƙashin kalmomin nan masu fuska biyu.

Wa zai yi? Muna da cibiyar INDRAP da ke tsara littattafan makaranta. Muna da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ta André Salifou a Damagaram, ta Djibo Hamani a Tawa. Kalmomi dubu ɗaya ko biyu da aka fi buƙata a kasuwa, asibiti, gona, gareji da iyaka ba su fi ƙarfin malamai da ɗaliban waɗannan wurare ba. In an rubuta, a naɗi murya, kowace kalma da jimlarta, a raba ta WhatsApp da katin waya, yadda ake raba wa'azi da waƙoƙi. Gidajen rediyon karkara su ba da minti goma sha biyar sau biyu a mako. A jarrabawa kuma a ba sauraro da magana maki mai nauyi, don abin da ake ba maki shi ɗalibi ke karantawa, shi mushe ke koyarwa. Mun san halin da malamai ke ciki, aji cike maƙil, wasu a rumfar zana, ba littafi isasshe. Shi ya sa muka zaɓi abubuwan da ba su buƙatar gini ko kuɗi masu yawa. Su ma malaman a ba su horo kan furuci, don ba a ba da abin da ba a samu ba.

Ku kuma matasa masu koyo da kanku a waya, ga nasiha. Ku yi hattara da masu alkawarin Ingilishi cikin kwana talatin, da masu jera kalmomi ɗari da fassararsu babu jimla ko ɗaya. Ƙamusoshin intanet irin na Cambridge da Oxford suna da ɗan hoton lasifika kusa da kowace kalma, kyauta ne, a danna a saurara sau uku kafin a buɗe baki. Kalma biyar a rana da jimlolinsu, an ji an maimaita an yi amfani da su, sun fi hamsin da aka kwafe a kaye aka rufe. Ku naɗi muryarku ku saurara, kunne ba ya yi wa mai shi ƙarya. Ku kuma san bambancin Ingilishin takarda da Buroka da ake yi a tasha da kasuwannin Najeriya. Buroka harshe ne mai amfani, yana fid da mutum kunya a Legas ko Fatakwal, amma ba a rubuta takardar neman aiki da shi. Ko a Ingilishin Najeriya na yau da kullum, "I am coming" na nufin "ina zuwa" irin tamu ta mai fita zai dawo, "well done" kuma sannu da aiki ne. Mutumin Landan ba haka zai fahimce su ba. A san wa ake magana da shi.

Abu na ƙarshe, mu daina yi wa juna dariya. Da yawa sun san amsa amma sun kulle baki don tsoron a ce sun kwafsa. Ba a neman kowa ya yi magana kamar mai karanta labarai a BBC. Mutumin Indiya da lafazinsa, na Ghana da nasa, na Amurka da nasa, kuma duk ana kasuwanci da su. Babban ƙamusun Oxford da kansa ya shigar da kalmar Kannywood a 2020, daga baya ya shigar da suya. Harshen da ke aro daga wurinmu ba abin jin tsoro ba ne. Ma'auni ɗaya ne: in ka ce hamsin a ji hamsin, in ka roƙa a ji roƙo, in ka karanta takardar magani ka ba yaro abin da aka ce.

An rubuta a kundi cewa Ingilishi harshen aiki ne. In aka bar abin a takarda, ƴaƴan masu hali da ke makarantun kuɗi na Yamai da waɗanda ake turawa Accra su ne za su kwashe guraben aiki da na karatu, ɗan talaka na Gidan Rumji ko Mirya ya sake zama ɗan kallo, kamar yadda aka yi da Faransanci shekara da shekaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna kira ga ma'aikatar ilimi, da jami'o'inmu, da masu gidajen rediyo, da ƙungiyoyin iyayen yara, kowa ya kama inda zai iya tun yanzu da ake tsara sabon tafarki.

Allah ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.